Ciwon Malam da Zaton da Muka Yi



Bara, bayan ƙaramar Sallah, malaminmu na Nahawu ya fara ramewa, cikinsa kuwa yana kumbura. Da ya ci loma uku sai ya ce ya ƙoshi. Kun san Nima, magana ba ta kwana. Aka ce jifa ne, aka nuna wata Hajiya mai koko da suka taɓa rigimar kwata. Mu 'yan aji muka yarda, muka daina sayen kokonta, ko gaishe ta ba ma yi.

Malam ya sha rubutu, amma ya ce zuwa asibiti ba ya warware tawakkali. A Korle Bu hoto ya nuna ƙari a jikin tumbinsa. Likitoci suka gutsuri kaɗan suka duba. Likita ya ce ƙarin naman ciki iri-iri ne, wasu suna kama da juna, amma maganinsu daban. Don haka sai an gwada ƙwayoyin halittar ƙarin kansa. Kuɗin da yawa. Juma'a uku muna yawo da kwano a masallatan Nima da Maamobi.

Sakamako ya ce GIST ne, ƙarin da ba a cika gani ba. Wata ƙwayar halitta mai suna KIT ce ta sauya, tana ta ba nama umarnin girma babu tsayawa. Masana a Japan suka gano haka a 1998, kuma a 2002 Amurka ta amince da maganin imatinib don wannan ciwo. Malam ya tambaya: “Likita, 'ya'yana fa?” Aka ce masa galibi sauyin a cikin ƙarin kawai yake, ba gado ba ne.

Yanzu Malam yana shan ƙwayarsa kullum, ya dawo aji, ko da yake a zaune yake karantarwa. Ranar da ya ji abin da muka yi wa Hajiya, bai buɗe littafi ba. Ya ce: “Ku tashi.” Muka je muka durƙusa gaban tukunyarta, muka ce: “Mma, ki yafe mana.” Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambayi jikin Malam.

Allah ya ba shi lafiya, ya yafe mana. Amin.