Gawar Kwamfuta a Saman Kabad

Shekara uku ke nan kwamfutar da na rubuta kundin digirina na biyu da ita tana kwance a saman kabad, lulluɓe da tsohon zane. Mai gyara ya ce kuɗin farfaɗo da ita ya kusa sayen wata. Ban gyara ba, ban kuma jefar ba, domin a cikinta akwai hirarrakin da na naɗa da dattawa lokacin bincike, biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 sharar kayan lantarki a duniya ta kai tan miliyan 62, amma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Afirka abin bai kai kashi ɗaya ba. Da na karanta sai na ɗaga kai na dubi kabad: ashe ina cikin masu laifin.

Sai dai alƙaluman ba su ƙirga yaron da ke bin layinmu da buhu ba. Sunan sana'arsa kaɗai, jari-bola, ya ishi manazarcin harshe abin tsokaci. Bahaushen da ya ƙera aci-balbal da gwangwani, ya yanka takalmi daga tsohuwar taya, ba ya buƙatar a koya masa mayar da shara dukiya. Amma kwamfuta ba gwangwani ba ce. Jan ƙarfe yaron yake nema, kuma hanyarsa ta raba shi da roba ita ce wuta. Hayaƙin ya shiga huhunsa, dalmar da aka liƙe sassan tsofaffin na'urori da ita ta bi toka ta shiga ƙasa. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Makon jiya yaron ya yi sallama.

"Yallaɓai, babu gwangwan?"

Na sauko da ita, ya juya ta, ya yi tayi. Na tambaye shi inda za ta ƙare. Ya ce shi dai dillali yake kai wa, a auna a biya shi. Na daɗe ina cigiyar wurin da za a kwashe mini muryoyin dattawan nan, a kuma wargaza ta ba tare da wuta ba; masu iya na farkon suna da yawa, na biyun har yau ba wanda ya nuna mini.

Na ba shi tsohuwar tukunya, na mayar da ita saman kabad.