Gunjin da ya hana dattawa jin tafsiri



Duk wanda ya zauna tafsiri a zaurenmu na Agege a azumin bara ya san wannan gunjin. Alaramma na jan baƙi, malam na fassara, lasifika kuwa tana ta ruri kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Dattawan da ke sahun baya suka fara tashi tun ba a shafa fatiha ba, saboda ba sa jin komai.

Na'urar tsohuwar mikisa ce mai kwalabe, irin wadda sai ta ɗau ɗumi take magana. Iyayenmu ne suka yi karo-karo suka saye ta, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa da matasa suka ce a jefar a sayo ta zamani, taro ya kusa watsewa.

Kuskurenmu shi ne canki-canki. Muka tafi kasuwar Alaba muka sayo makirufo, muka sake wayoyi, muka haɗo da kwalba 12AX7 guda biyu. Kuɗin asusu ya tafi, gunji yana nan daram.

Sai aka haɗa mu da wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya ce, "Samari, kun sayo magani ba ku tambayi ciwon ba." Ya zare duk wayar da ke shiga mikisar, ya murɗe ƙara har ƙasa, ya kasa kunne. Gunjin bai motsa ba. Ya ce to ba daga makirufo ba ne, daga sashen wuta ne. Wutar Nijeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa; idan kwandensan da ke tace ta suka bushe don tsufa, sai ka ji ruri mai ninki biyu, wato 100. Ya sauya su.

Ya kuma ja mana kunne: kwandensan nan suna iya riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi. Wanda bai iya ba kada ya sa hannu.

Muka yi murna, amma da aka jona amfilifaya sai wani gunjin mai kauri ya dawo. Ashe mikisa tana soket ɗin gaba, amfilifaya tana na bayan zaure, kowacce da hanyarta ta zuwa wayar ƙasa. Ya haɗe su a soket ɗaya, sai tsit. Wannan laifinmu ne, ba na na'ura ba.

Saura ƙaraf-ƙaraf. Ya goge tsatsar da laimar Legas ta bari a ƙafafun kwalaben, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa a hankali da fensir. Guda ta amsa a lasifika kamar ƙararrawa. Ita kaɗai ya canja.

Cuta uku ce muka ɗauka ɗaya, muka kusa raba kanmu a kanta. Jiya mun gwada: daga sahun ƙarshe ana jin numfashin alaramma. Dattawanmu, ku dawo, wurinku yana nan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka saya mana ita, Ya kai mu azumi lafiya.