Yadda muka haɗa kwamfuta da kuɗin adashe

Mu uku ne a ɗaki ɗaya, dukkanmu 'yan aji uku a sashen zanen gine-gine. A zangon karatun da ya wuce aka ba mu aikin zana ɗakin karatu na unguwa, kowa ya fitar da hotonsa kamar an riga an gina. Laftof ɗin da muke karɓa-karɓa da ita ta kwana tana fama da hoto guda, da asuba ta yi zafi ta ɗauke. Ranar ne muka yanke shawarar haɗa kwamfutar tebur tamu ta kanmu.

Wata biyar muka yi muna zuba adashe. Da kuɗin suka ƙi cika, mahaifiyar ɗayanmu ta sayar da akuyarta ta cika mana. Tun daga nan muka san babu damar yin kuskure.

Inda muka fi shan gardama shi ne katin sarrafa hoto, domin shi kaɗai zai ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. A kasuwa wani mai shago ya ɗauko mana RX 580 na hannu. "Samari, GB 8 ke nan, ba za ku samu irinsa a wannan kuɗin ba," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, amma arahar tana da dalili. Katin ya fito tun 2017, kuma masu haƙar kuɗin intanet sun yi amfani da irinsa dare da rana. Da Ethereum ta daina dogaro da irin wannan haƙa a watan Satumbar 2022, sai aka yi ta zubo su kasuwa.

Har mun fara ciniki, sai ƙaramin cikinmu ya ce a dakata, a duba ko manhajar da muke aiki da ita ta san katin. Ashe tun fitowar Blender 3.0 a ƙarshen 2021, sashenta na fitar da hoto, wato Cycles, ya daina aiki da tsofaffin katunan AMD irin wannan. Da mun saya, da GB 8 ɗin sun zauna suna kallonmu. Ga kuma cin wuta, wat 185, mu da rabin karatunmu a kan ƙaramin janareta yake.

Sai muka koma kan NVIDIA. GTX 1650 wat 75 kawai yake ci, amma GB 4 ɗinsa za su cika da zarar an zuba wa gini bishiyoyi da gilasai. Muka tsaya a kan GTX 1660 Super, mai GB 6 da wat 125. Shi ma na hannu ne, kuma shi ma masu haƙa sun so shi, don haka ba mu yarda da kyan kwali ba. Muka sa aka jona shi a gabanmu, muka buɗe GPU-Z don tabbatar da cewa sunan da ke jiki shi ne na ciki, sannan muka bar FurMark ta matsa masa na minti 20 muna kallon zafinsa da juyin fankokinsa. Mai shagon ya gaji da mu, amma ya ba mu mako guda na gwaji a rubuce.

Sauran kayan ba su ba mu wahala sosai ba. Mun ɗauki furosesa Ryzen 5 5600G saboda tana da nata sashen hoto a ciki. Ko katin ya mutu gobe, kwamfutar za ta ci gaba da nuna aiki. Madabod ɗin B450 ne, kuma sai da aka sabunta masa BIOS kafin ya karɓi furosesar. RAM mun sayi sanda biyu masu GB 8 maimakon guda mai 16, domin biyun sun fi sauri idan suna aiki tare. Akwati tsoho muka samu, duk da ɗayanmu ya nace sai mai fitilu masu launi. Kuɗin fitilun muka ƙara muka sayi sabuwar na'urar rarraba wuta mai wat 550 da sitabilaiza, domin idan ta banza ta ƙone, takan tafi da maƙwabtanta.

Daren da muka haɗa, muka danna maɓalli, fankoki suka juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Babu wanda ya yi magana, amma kowa akuyar nan yake tunawa. Bayan rabin awa muka gano sandar RAM ɗaya ce ba ta zauna daidai ba. Muka danna ta har ta yi ƙara, hoto ya fito.

Aikin da ya kwana a laftof yanzu kafin shayi ya huce ya kammala. Mun manna jadawali a bayan ƙofa, kowa da sa'o'insa, kuma da hunturu duk mako biyu sai mun buɗe akwatin mun kakkaɓe ƙura. Hoton farko da muka buga a takarda mun kai wa Mama, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya ko a wace unguwa aka gina shi.

Abin da ba mu tattauna ba har yau shi ne wanda zai tafi da ita idan mun kammala baɗi.