Ku Daina Ƙwanƙwasa Famfon Mai

Ku 'ya'yana masu koyon gyaran mota a garejojin Tamanrasset, waɗanda kuka taso daga Agadas da Tawa da Damagaram, akwai wata ɗabi'a da nake so ku bari. Mota ta mutu, a ɗauko sifana a ƙwanƙwasa famfon mai, ta tashi, a karɓi kuɗi a sallami mai ita. Wannan ba gyara ba ne.

Lokacin da na shigo sana'ar, hanyar nan cike take da Turawa. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda ta tashi a Disambar 1978, ta garin nan ta bi ta nufi Agadas. Ga kuma masu kawo tsofaffin Peugeot 504 su sayar a Nijar. Jefi-jefi sai a ga motar Ingila, irin MGB, 'yar gajera mai kujera biyu, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1962 zuwa 1980. A jikinta na koyi famfon lantarki na kamfanin SU, yana can ƙarƙashi kusa da tayar baya, inda ƙura ke samunsa yadda take so.

Famfon nan da kansa yake faɗin ciwonsa. Ka murɗa makulli ka kasa kunne. In ya yi tik-tik da sauri, ya rage, ya yi shiru, lafiya lau, kafireto ya cika ke nan. In ya ƙi tsayawa, ko tanki ya bushe, ko iska yake zuƙa ta wata kafa, ko ƙwayar yashi ta maƙale a bawul. In bai ce uffan ba, duba wuta tukuna, sannan ka buɗe murfin kansa ka dubi kontak.

Kontak ɗin nan su ne ran famfon: 'yan ƙarafa masu haɗuwa su rabu. Suka haɗu, wuta ta shiga kwayil, maganaɗisu ya jawo fatar roba, ta zuƙo mai. Suka rabu, sifirin ya mayar da ita, ta tura. Kowace rabuwa da ɗan tartsatsinta, shi ke baƙanta su a hankali. Dukan da kuke yi girgiza su kawai yake su haɗu na ɗan lokaci, dattin kuwa yana nan.

Cire kan batir kafin komai, ka lura da wanda ke jikin ƙarfe, don tsofaffin motocin Ingila da yawa akasin namu ne. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka jera abin da ka kwance bi da bi. Goge kontak da sanfefa mai laushi, ka wanke rariya. Ɗaga robar ka duba ta a hasken rana; in ta bushe ko ta tsage, kada ka yi mata dabara, sauya ta. Wurin mayar da ita ake gane mai haƙuri: ka murɗa ta ciki har kontak su daina juyawa, ka dawo baya a hankali har su juya, ka daidaita ramukan sukuru shida, sannan ka ƙara kwance ta rami huɗu. Da kananzir za ka gwada, ba da fetur ba, domin abu ne mai tartsatsi.

Na sani, yau da wuya MGB ta shigo garejinku. Amma man durom da jarka bai daina zuwa da ruwa da yashi ba, kuma daga nan zuwa In Gezam kusan kilomita 400 ne, bayanta Assamaka, bayanta Arlit. Wanda ka ƙwanƙwasa wa famfo ka sallama, wataƙila da mata da yara zai shiga wannan hanya.

Don Allah, kowace mota aka kawo muku, ku buɗe ku ga abin da ya kashe ta. In babu kayan gyaran, ku gaya wa mai ita gaskiya tun bai bar gari ba.