Gurbin Numfashi

Mu masu rubuta manhaja muna da wata ɗabi'a: duk abin da ya burge mu, sai mun nemi hanyar adana shi. Da ita muka faɗa wa kiɗan goge na mutanen ƙasar Ailan. Mun samu tsarin ABC na Chris Walshaw, wanda ake rubuta karin kiɗa da haruffa zalla, muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Muka loda kaɗe-kaɗen rawa, kwamfuta ta buga su tsaf.

Da muka kai ga kaɗe-kaɗen natsuwa, waɗanda ba na rawa ba, sai aiki ya tsaya. Babu sautin da ya ɓace, amma abin ya fito kamar miya ba gishiri. Kwana uku muna farautar kuskure a manhajar, ba mu samu ba.

Ashe matsalar ta girme mu. Yawancin waɗannan karin daga waƙoƙin baka na harshen Ailan suka fito. Mai goge yana bin sawun mawaƙi ne: inda mawaƙi ya ja wasali, ya ja; inda ya tsaya shan iska, ya tsaya. Shi ya sa tsofaffin makaɗa ke cewa a san waƙar kafin a kaɗa ta. Rumbunmu kuwa ba shi da gurbin numfashi.

Waɗanda suka riga mu sun sha wannan. A 1792 aka ɗauki Edward Bunting, yana ɗan shekara 19, ya rubuta abin da tsofaffin masu kiɗan garayar Ailan suka kaɗa a taronsu na Belfast. Ya ceci kari masu yawa, amma da ya zo bugawa sai ya shirya su yadda za su dace da fiyano. Francis O'Neill kuma, ɗan ƙaura daga Cork da ya zama shugaban 'yan sandan Chicago a Amurka, ya tattara kari 1,850 ya buga a 1903. Da yawa daga cikinsu a kansa suke: shi ya kaɗa, abokin aikinsa James O'Neill ya rubuta. Daga baya faya-fayan Michael Coleman, mutumin Sligo da ya yi naɗi a New York, suka isa gida. Su sun riƙe sautin gogen kansa, sai dai matasa suka raja'a a kan salonsa har na wasu yankuna ya fara dusashewa.

Kowanne ya ceci wani abu, ya zubar da wani. Duk da haka, ba don su ba, da ba mu da abin da za mu yi ƙorafi a kai.

Ba mu share aikinmu ba. Gurbi ɗaya muka ƙara a gaban kowane kari: daga bakin wa aka ji shi, kuma wace waƙa ce uwarsa. Yawancin guraben har yau fayau suke. Mun bar su haka, don mai zuwa ya san abin da ke hannunsa bai cika ba.