Emmonak: garin masunta da aka hana su

Mu leƙa wani gari da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Sunansa Emmonak, yana yammacin jihar Alaska ta Amurka, daidai inda kogin Yukon ke rarrabuwa kafin ya zuba cikin tekun Bering. Mutanensa ba su kai dubu ba, kuma kusan dukkansu 'yan ƙabilar Yup'ik ne, waɗanda kakanninsu ke zaune a wannan gaɓa tun kafin Rasha ta sayar wa Amurka da Alaska a 1867. Babu titin mota da ya haɗa garin da ko'ina. In za ka je, sai ƙaramin jirgin sama, ko kwale-kwale lokacin da ruwa ya narke, ko babur ɗin ƙanƙara idan kogi ya daskare. Duk abin da ke kan kantar shago daga nesa aka yo dakonsa, shi ya sa tsadarsa ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali.

Abin da ya riƙe mutanen nan shekaru aru-aru shi ne kifin salmon. Kifi ne da ake ƙyanƙyashewa a ruwan kogi, ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya bi kogin nan har inda aka haife shi, ya zuba ƙwai ya mutu. Wasu daga cikin manyan, nau'in da ake kira chinook, sukan yi tafiyar kusan kilomita 3,000 har cikin ƙasar Kanada ba tare da sun ci komai ba, sai kitsen da suka tara a teku. Emmonak na bakin hanya, don haka kifin yakan iso musu da maiƙonsa cif.

Da zarar watan Yuni ya kama, lokacin da rana ba ta cika faɗuwa ba, gida-gida ake kwasa a koma sansanin su a gefen kogi. Maza su jefa taru. Mata su zauna da wata wuƙa mai siffar jinjirin wata suna feɗe kifi, suna tsaga shi siriri-siriri, a rataya a sanduna iska ta buge shi, daga nan a shigar da shi bukkar hayaƙi a yi banda. Yara na ɗebo ruwa da itace, idonsu na kan hannun kaka. A nan yarinya ke koyon kaurin yankan da ba zai ruɓe ba, a nan yaro ke gane inda ruwa ke da zurfi da irin iskar da ke koro kifi cikin kogi. A nan ake jin harshen Yup'ik tsantsa. Kuma ba a ci sai an fitar da rabon dattawa da na gidajen da ba su da mai kamo musu. Wannan busasshen kifi shi ne rumbunsu. Da shi ake ketare watannin duhu da sanyi.

Sai kifin ya fara janyewa. Chinook ya daɗe yana raguwa, yana kuma ƙanƙancewa. A 2021 abin ya kai maƙura: na'urar ƙirga kifi da ke ƙauyen Pilot Station ta ga kimanin 153,000 kacal na wani nau'in, chum na bazara, a kogin da aka saba ganin fiye da miliyan ɗaya da rabi. Hukuma ta rufe kamun salmon, har da wanda mutum zai kama don tukunyar gidansa. A 2024 kuma Alaska da Kanada suka sa hannu kan yarjejeniyar dakatar da kamun chinook mai wucewa Kanada har shekara bakwai, wato tsawon rayuwar kifin tun daga ƙwai har dawowarsa.

Masana sun ce babban dalili ɗumamar ruwa ce. Tekun Bering ya yi zafin da bai saba ba, abincin ƙananan kifi ya canza, kogin ma ya ɗumama. A 2019 an ga gawarwakin chum birjik a kogin Koyukuk ba su kai ga zuba ƙwai ba. Akwai kuma wata cuta da ke kama zuciyar chinook ta kashe shi a hanya. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai daban ne.

A cikin tekun nan dai akwai manyan jiragen kamfanoni masu jan taru suna neman wani kifi, pollock, kuma salmon na faɗawa tarunsu ba da niyya ba. A 2007 sun haɗa da chinook kusan 120,000. Daga baya an ƙayyade musu adadi, abin ya ragu sosai, kuma bincike ya nuna yawancin chum da ke faɗa musu ba na kogin Yukon ba ne. Duk da haka, an yarda jirgin kamfani ya kashe dubbai a bisa kuskure ya ci gaba da aikinsa, alhali tsohuwar da ke son guda goma ta rataya a bukkarta an ce ko ɗaya kada ta taɓa. Ita ce ta fi kowa ɗiban kaɗan, ita aka fi ɗora wa nauyin gyara. Kuma tun 1980 dokar tarayya ta ce mazauna karkarar Alaska masu neman abin kai wa baki su ne a gaba in abu ya yi ƙaranci.

An kai musu taimako, gaskiya ne. An yi ta sauke kwalayen daskararren kifi daga yankin Bristol Bay, inda salmon ke nan da yawa. Mutane sun karɓa sun gode. Sai dai kifin kwali ciki kawai yake cikawa. Ba ya tara iyali a bakin kogi, ba ya sa wuƙa a hannun yarinya, ba ya ba saurayi damar ya kai wa dattijo kamunsa na farko. Yaron da yake ɗan shekara bakwai lokacin da aka rufe kogi zai balaga bai taɓa jan taru da babban kifi a ciki ba, kuma kakar da za ta koya masa ba lallai ta jira ba.

Ba su naɗe hannu ba. Sun ƙara karkata ga farautar dabbobin teku da na daji, suna kama wasu ƙananan kifaye, har ta hanyar huda ƙanƙara da hunturu. Ƙabilun da ke kan kogin sun kafa hukumarsu ta haɗin gwiwa, suna zuwa zaman gwamnati suna magana da bakinsu. Amma majalisar da ke tsara kamun kifi a tekun Bering tana da kujeru 11 masu jefa ƙuri'a, kuma babu ko ɗaya da doka ta keɓe wa ƙabilun da kifin nan ke ciyarwa. Wannan kujera suke nema yanzu.