Faifai Ba Allo Ba Ne

Almajiri in ya wanke allonsa, rubutu ya tafi ke nan har abada. Faifan ajiya na kwamfuta kuwa ba haka yake ba. Idan ma'aikaci ya ba da umarnin gogewa, sunan takardar kawai na'urar ke cirewa daga jerin sunaye. Bayanin kansa yana nan kwance, sai ranar da aka rubuta wani a kansa.

A shekarar 2003, ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bayyana cewa sun sayi tsofaffin faya-fayai 158, suka tsinci lambobin katin bashi fiye da 5,000 a cikinsu. A 2022 kuma, aka ci kamfanin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, domin na'urorinsa sun shiga gwanjo da bayanan abokan cinikinsa.

Hukumar NIST ta Amurka ta kasa wannan aiki gida uku: a rubuta sabon bayani bisa tsohon; ko a tsarkake faifan ta yadda ko ƙwararru ba za su iya tono komai ba; ko a ragargaza shi ɗungurungum.

Ni dai a ganina, 'yan'uwana ɗalibai, wannan magana ce ta amana kafin ta zama ta fasaha. Wanda ya ba banki ko asibiti sirrinsa, ajiya ya bayar. Tsufan na'ura ba ya sauke wannan nauyi daga wuyan mai riƙon ajiyar, sai ya tabbatar faifan ya wanku.